Uwa ta ce “to”, bayan mako uku aka dawo da yaro a sume

Tambaya: Sista, ni sabuwar ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin yara. Akwai yaro ɗan wata biyar da aka sa wa roba a kai saboda ruwa ya taru masa. Ranar sallama na lissafa wa uwarsa alamun toshewar robar ɗaya bayan ɗaya, tana ta cewa “to”. Bayan mako uku aka dawo da shi ba ya cikin hayyacinsa. Ashe ya kwana huɗu yana amai, kakarsa ta ce haƙori ne, uban kuma yana Legas. An sake masa aiki, yana farfaɗowa. Abin ya tsaya mini a rai. A ina na yi kuskure, kuma yaya ake magana da irin waɗannan iyayen?

Amsa: Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara wa yaron sauƙi. Abin da ya same ki ya taɓa samuna a farkon aikina, sai dai tawa yarinyar ba ta farfaɗo ba. Watanta bakwai, daga wani ƙauye mai nisan awa uku a mota. Ni na yi wa uwarta bayani da bakina, na rubuta a fayil cewa an yi wa iyaye bayani, na sa hannu. Da aka dawo da ita wata Asabar da la'asar, jikinta ya riga ya saki. Na haura shekara ashirin a ɗakin yara tun daga ranar, kuma duk abin da zan faɗa miki daga wannan Asabar ɗin ya samo asali.

Ban ga kuskure a ilminki ba. Alamun da kika lissafa su ne alamun. Abin da ya faru shi ne maganar ta tsaya a kunnen mutum ɗaya, kuma mutumin da ya fi kowa ƙarancin iko a gidan. Duba labarin da kika ba ni da kanki: uwa ce ta ga amai, kaka ce ta fassara shi, uba ne mai ba da izinin fita da kuɗin mota. Mutum uku ke riƙe da robar nan, da ɗaya kaɗai kika zauna.

Ita ma ɗayar, “to” ɗinta ba shaida ba ce. Yarinyar da aka tayar a kan kada ta haɗa ido da babba, ta tsinci kanta gaban mai farin kaya a ɗakin da kowa ke sauri, me za ta ce in ba “to” ba? Ma'anarta na ji, kuma ina ganin girmanki. In ɗan fari ne abin ya ƙara nauyi, don alkunya ba za ta bar ta ta kama sunansa ba, balle ta yi ta jero tambayoyi a kansa gaban surukarta. Na sha jin sababbin ma'aikata suna cewa wance ba ta damu da ɗanta ba, alhali da dare in ɗaki ya yi tsit ita ce za ki tarar ta kifa kai a gefen gado tana hawaye. Wata kuma Hausar ma ba ta ishe ta ba. Bafulatana ce ko Babarbariya, Hausar kasuwa kawai take ji. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a yi wa majinyaci bayani da harshen da yake fahimta, a kuma lura da iyakar karatunsa. Ki nemi babban mutum cikin ma'aikata ya yi tafinta. Kada ki ɗora wa yayan majinyaci ɗan shekara goma wannan nauyi.

Saboda haka na daina tambayar “kin gane?” Abin da nake cewa shi ne: “Maman yaro, ni ce nake so in san ko na yi bayani yadda ya kamata. In kin koma gida Hajiya ta tambaye ki me aka ce a asibiti, me za ki faɗa mata?” Sai in yi shiru, in jira, ko da shirun ya yi tsawo. Abin da ya fito daga bakinta shi ne abin da zai je gida. In ta ce an cire ruwan ya warke, na san ban yi komai ba tukuna, sai in sake da wasu kalmomin, ba tare da na nuna mata ta faɗi jarrabawa ba.

Kalmomin kuwa suna da nasu haɗarin, kuma a nan nake so ki tsaya sosai. Muna cewa “ruwa ya taru a kansa” mu wuce. A wasu gidajen, da ma ana raɗe-raɗin cewa yaron da kansa ya yi girma, wuyansa bai tsaya ba, ɗan ruwa ne, wato ba ɗan mutum ba ne sosai. To ga ma'aikaciyar asibiti da bakinta ta ambaci ruwa. Ba ki san abin da kika tabbatar musu ba. Don haka kullum nakan fara da cewa ruwan nan kowa yana da shi, ni da ke da Hajiya da Malam. Ƙwaƙwalwa ce ke yin sa kullum, a babban mutum wajen rabin lita a yini, kwatankwacin ruwan leda guda ɗaya. Yana zagaya ƙwaƙwalwa da laka, ya koma cikin jini. Sai in kawo misalin soro da damina: ruwan sama ba laifi ba ne, amma in indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan rufi, nauyi ya yi wa azara yawa. Yaron nan indararonsa ne ya toshe, likita ya sa masa wani. Ban taɓa ganin kakar da ta zauna a gidan ƙasa ba ta kama wannan nan take ba. Kuma misalin yana ɗauke da rabin darasin da ya rage, domin duk wanda ya san indararo ya san yana sake toshewa, ya san kuma ba a jiran damina ta wuce kafin a buɗe shi.

Muna ajiye tsohuwar roba guda, wadda likitoci ke kira shant, a cikin durowa. Nakan miƙa wa kaka ta riƙe, ta lanƙwasa, ta ji laushinta. Sannan in kama yatsanta in bi da shi a jikin jikanta: ga ɗan tudun bawul, wato abin da ke daidaita gudun ruwan, a bayan kunne, ga hanyar robar ƙarƙashin fata ta wuya, ta ƙirji, har ciki. Nakan bayyana cewa ba cikin tumbi ko hanji take zuba ba, a sararin da ke tsakanin kayan ciki ne, jiki ya tsotse ruwan. Wannan yana da muhimmanci, don na taɓa samun uwar da ta rage ba da nono wai kada ciki ya cika da ruwa biyu. Nakan kuma gaya musu likita ya bar rara a naɗe a ciki saboda tsawon da yaro zai yi.

Kalma ta biyu mai haɗari ita ce wadda muka fi so mu faɗa: “aiki ya yi kyau.” Ta uku ita ce “sallama.” A kunnen iyaye duka biyun suna nufin ya warke. Gaskiyar kuwa ita ce roba ba ta warkar da ciwon, tana riƙe shi ne, kuma yawancin yaran da ita za su rayu. A manyan binciken da aka yi, yara 3 zuwa 4 cikin 10 robarsu takan samu matsala a shekarar farko, ko toshewa ko ƙwayoyin cuta, kuma cutar ta fi zuwa a watannin farko bayan aiki. Wasu abokan aiki suna ɓoye wannan wai kada su tsorata iyaye. Ni ban yarda da su ba. Uban da aka gaya wa tun farko cewa wataƙila a sake aiki, in ranar ta zo zai ce ai an faɗa mana. Wanda aka ce wa ya warke kuwa, in ta toshe sai ya ce an cuce shi, aikin farko ma bai yi ba, ya juya wa asibiti baya. Nakan ce: “Cikin yara goma, shida ko bakwai za su cinye shekara lafiya lau. Uku ko huɗu za su dawo mana. Ba mu san naku a wane ɓangare yake ba, shi ya sa muke so ku zama idanunmu a gida.”

Alamun kuma kada ki zuba su goma a lokaci guda, kuma kada ki bari sai ranar sallama, ranar da hankalin kowa ke kan kuɗin asibiti da ƙullin kaya da motar da za ta tashi. Ki fara tun kwana biyu bayan aiki, kaɗan-kaɗan, lokacin da kike gyara ɗinki. Ni huɗu nake kafawa kamar turaku: amai da ya ƙi tsayawa, musamman in babu gudawa, barci mai nauyi, yaro ya ƙi tashi ya kama nono, maɗiga ta kumbura ta yi tauri alhali yana zaune kuma ba kuka yake ba, da zazzaɓi, ko ja da kumburi a kan hanyar robar. Sauran, irin su idanu su riƙa kallon ƙasa fari ya fito a sama, ko jijjiga, ko ruwa ya riƙa tsattsafowa daga ɗinki, ko ciki ya kumbura, nakan ƙara su daga baya in huɗun sun zauna. Maɗiga kuwa ba a koyar da ita da baki. Ki ɗora tafin uwar a kanta yau da take lafiya, ki ce ta riƙe wannan laushin a hannunta, don ta san bambanci ranar da ya canza. Bayan alama sai umarni guda, gajere: in kun ga ɗaya daga ciki, a ranar za ku taho, ko da dare ne, ba a kwana.

Ki kuma riga su faɗar abin da za a ce a gida. Na san za a ce haƙori ne, za a ce shawara ce, za a ce zazzaɓin cizon sauro ne a je kemis. Nakan faɗa musu haka ƙarara: “Hajiya, sauran jikokinki in sun yi amai kika ce haƙori ne, sau da yawa kin yi daidai. Wannan shi kaɗai dokarsa daban ce. Amansa na asibiti ne har sai likita ya ce ba roba ba ce.” Kin ga ban ƙaryata saninta ba. Matar da ta rena 'ya'ya tara ba za ta karɓi raini daga yarinyar da ta haifa ba, kuma tana da gaskiya. In kika mayar da ita abokiyar gaba, ke kina asibiti, ita tana ɗaki ɗaya da yaron. Ki gaishe ta da kyau, ki ba ta kujera, ki fara tambayarta me take gani ya jawo ciwon da abin da aka gwada a gida, ki saurara ba tare da kin yamutsa fuska ba. Daga nan ki ba ta muƙami: ita ce mai duba maɗiga kowace safiya. Kakar da aka damƙa wa amana takan fi kowa saurin cewa a tafi asibiti.

Game da rubutu da tofi da addu'a, ban taɓa hana kowa ba, ni ma ina yi wa nawa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma nakan ce musu robar nan tana cikin sababin. Inda nake kafewa shi ne abin da zai taɓa fata: ba tsaga, ba sakiya, ba ƙaho, ba shafa wani haɗi a kan ɗinki ko maɗiga, ba a kuma danna bawul ɗin da yatsa. In za a yi aski a gaya wa wanzami ya kauce wa tudun da ke bayan kunne. Ki haɗa da abin da aka halatta, don iyaye sukan ƙirƙiro wa kansu haramcin da ba mu sa ba: a yi masa wanka in ɗinki ya warke, a goya shi, a ba shi nono, a kai shi rigakafi, in ya girma ya je makaranta.

Sai uba. In yana Legas ko Fatakwal, waya tana kai wa can. Ki kira shi a gaban matarsa da mahaifiyarsa, ki buɗe murya kowa ya ji, bayan gaisuwa da bayani ki yi masa tambaya ɗaya: “Malam, in ɗaya daga alamun nan ta bayyana ba ka gari, ko wayarka ba ta shiga, ka yarje mata ta kamo hanya ba sai ta jira ka ba?” Ban cika samun wanda ya ce a'a ba. Amma sai an furta, a gaban shaidu, domin matar da ba a ba izini ba za ta zauna da yaro a cinya tana kallon waya har gari ya waye. Daga nan a yi maganar kuɗin mota: nawa ne daga ƙauyensu zuwa nan, a ƙulle shi daban a hannun uwar, kada a taɓa. A san mai mota ko mai babur ɗin da za a tasa da tsakar dare. A kuma san inda za a nufa, don ba kowane asibiti ke da likitan ƙwaƙwalwa ba. A Arewa irin wannan aiki galibi sai manyan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. In sun tsaya a ƙaramin asibiti a hanya, kalmar farko da za su faɗa ita ce yaron yana da roba a kai.

Iyaye maza sukan yi wata tambaya a ɓoye, a baranda: wai robar da aka sa mai araha ce, ko shi ya sa ta toshe? Akwai amsa ta gaskiya. Dokta Benjamin Warf, wanda ya yi aiki a asibitin yara na CURE da ke Mbale a Yuganda, ya kwatanta robar Chhabra ta Indiya, mai kimanin dala 35 a lokacin, da wata ta Amurka mai kimanin dala 650, ya buga sakamakon a 2005: bayan shekara guda babu wani bambancin kirki tsakaninsu. Ki faɗa wa uba wannan, ki sauke masa nauyin zaton talaucinsa ne ya cuci ɗansa. Shi dai wannan likita ya nuna cewa fiye da rabin yaran da ya gani a can ciwon ya biyo bayan cutar da ta kama ƙwaƙwalwa ne suna jarirai, irin su sanƙarau. Wannan kuma uwa za ki faɗa wa, a gaban dangin miji, don sau da yawa ita ake ɗora wa laifi, a ce daga danginsu ne ko wani abu ta taka da ciki. In kuma yaron da buɗaɗɗen baya aka haife shi, ki ja ta gefe ki gaya mata ta ga likita a ba ta folik asid, maganin da ke rage haɗarin sake haihuwar mai buɗaɗɗen baya, tun kafin ta sake ɗaukar ciki.

Takarda tana da amfani, amma kada ki dogara da ita. Katin da muke bayarwa na ma'aikacin lafiyar da za su tarar ne: sunan aikin, ranar da aka yi, awon kan yaro da tef ranar sallama, da lambar ɗakinmu. Na iyaye kuwa murya ce. Ko ƙaramar waya tana ɗaukar magana. Nakan karɓi wayar uwar in yi minti biyu da Hausa, alamu huɗu da umarni ɗaya, in ce ta kunna wa duk wanda ya yi mata gardama. Wata ta gaya mini ta kunna wa mijinta da ƙarfe biyun dare, bai ce komai ba ya tashi ya nemo mota.

Duk wannan ba na roba a kai kaɗai ba ne. Yaron da aka huda wa maƙogwaro aka sa bututun numfashi, da mai cin abinci ta robar hanci, da mai jakar bayan gida a ciki, da mai ciwon suga da ke buƙatar na'urar awo da allurar insulin, duk hanya ɗaya ce, sai dai su akwai aikin hannu a ciki. A nan faɗa da baki ba ya wadatarwa: ki yi tana kallo, ta yi kina kallo, har sau uku a ranaku daban-daban, kuma mutum biyu za a koya wa, don uwa ma tana rashin lafiya, tana haihuwa. Ki tambayi abin da gidan yake da shi kafin ki ba da umarni. In na'urar iskar numfashi ce, awa nawa suke samun wuta? In insulin ne kuma babu firji, akwai randa ko tulu a inuwa?

Wani abu da nake gaya wa ɗalibai don kada su raina iyaye: bawul ɗin da ya sa wannan aiki ya yaɗu a duniya uba ne ya ƙera shi. John Holter makaniki ne a Filadelfiya ta Amurka, aka haifa masa ɗa a 1955 da buɗaɗɗen baya, ruwa kuma ya taru masa a kai. Likitan yaron, Eugene Spitz, ya yi masa bayanin abin da ya gagara, shi kuma ya koma ɗakin aikinsa ya fito da bawul na silikon a 1956. Ɗan nasa ya rasu yana shekara 5, amma dubban yara sun rayu da abin da ya ƙera. Da likitan ya ga makaniki ne ya taƙaita masa magana, da ba a yi haka ba.

Ki kuma riƙa tambayar uwar ita kanta. “Ke fa, kina samun barci? Wa ke kama miki?” Renon irin wannan yaro yana cinye mace. Wata an daina gayyatarta suna da biki, wata kishiya na yi mata gori, wata tana rufe kan yaron da zane ko ana zafi don kada a kalla. In akwai wata uwa da ɗanta ya shekara uku da roba yana gudu a tsakar gida, ki haɗa su ranar asibiti, da yardar kowacce. Abin da za ta gaya mata a minti goma ya fi nawa na mako guda shiga.

Yanzu yaronki yana kan gado, kakarsa tana nan, kuma na tabbata ta fi ki jin ciwon abin da ya faru, ko da ba ta nuna ba. Gobe da safe kada ki ce mata “ai na faɗa muku.” Ki gaishe ta, ki yi mata ya mai jiki, ki ce: “Hajiya, wancan karon da 'yarki kaɗai na yi magana, ban nemi ki zauna ba, wannan kuskurena ne. Yau ina so in nuna miki abin da ke jikin jikanki da hannunki.” Ki ɗauko tsohuwar robar daga durowa, ki sa a kira uban a waya, ki ja labule.